Tiyon PVC: da me ake yin shi, da yadda za ka haɗa shi ba tare da ya yi maka yoyo ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwanakin baya wata hajiya ta aiko a kira ni a Garin Malam tun kafin a fito sallar asuba, wai ruwa ya zo da tsakar dare kamar yadda ya saba, sun bar robine a buɗe sun jera bido shida, amma da ta fito sai ta tarar tsakar gida ya zama tabki, bidon ko biyu ba su cika ba. Da na tona wurin sai ga abin da nake tsammani, wanda ya yi aikin gasa bakin tiyon ya yi a wuta ya cusa ɗaya cikin ɗaya sannan ya naɗe da robar cikin taya. Wurin ya yi baƙi-baƙi, ina matsawa da babban yatsa ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ta tsaya a kaina ta ce ɗana, kwana huɗu fa muna jiran ruwan nan. Wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani a kan wannan robar.

Kowa ya san Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, to ruwan da ya yi wannan tafiyar ya iso ƙofar gidanka bai kamata ya ƙare a cikin ƙasa saboda rashin kol, wato ruwan haɗa tiyo, na ƴan daloli ba.

Kafin haɗin, bari in faɗa maku abin da ke cikin tiyon, domin in ka san jinin abu ka san abin da yake so da abin da ba ya so. PVC gajarta suna ne, cikakken sunan polibinil kulorid, kuma abu biyu aka aurar aka same shi: gishiri da man fetur ko gas. Eh, gishiri, jinsin wanda ayarin raƙuma ke saukowa da shi daga Bilma. A masana'anta ana narka gishirin a ruwa a sa masa kuran, sai ya rabu, a samu kulor (shi ne dai ƙarfin da ke cikin ruwan jabel da mata ke wanki da shi), a samu sodar da ake yin sabulu da ita. Ɗaya ɓangaren kuma wata iska ce mai suna etilen da ake fitarwa daga gas ko daga ɗanyen mai irin na Agadem da ake tacewa a SORAZ. A haɗa etilen da kulor su ba da wani ruwa mai suna dikuloro-etan, a dafa wannan ruwan da zafin da ya kai wajen digiri 500 sai ya fashe ya ba da binil kulorid. A ƙasar Sin kuwa da yawan masana'antunsu ba ta wannan hanyar suke bi ba, gawayin ƙasa da farar ƙasa suke dafawa su samu karbir, wannan dutsen da masu walda ke jiƙawa ya ba da iska mai kamawa da wuta, daga wannan iskar suke kaiwa ga binil kulorid.

Shi binil kulorid ɗin ba abin wasa ba ne. Iska ce, sai an sanyaya ta ƙasa da digiri 13 a ƙarƙashin sifili ko an matse ta a tanki take zama ruwa, tana kamawa da wuta, kuma tana sa kansar hanta. A 1974 aka tabbatar da haka a jikin ma'aikatan wata masana'anta a birnin Luwisbil na Amurka, daga nan aka tsaurara dokoki. A watan Fabrairun 2023 ma jirgin ƙasa ɗauke da ita ya kauce hanya a jihar Ohayo sai da aka kwashe mutanen garin da abin ya faru. Amma kar hankalinka ya tashi, ba ita ce ke cikin tiyonka a sake ba. Ana zuba ta cikin babbar tukunya mai ruwa a rufe, ana juyawa da ɗumi mai ɗan dama, sai ƙwayoyinta su riƙa kama hannun juna suna yin dogayen sarƙoƙi, a ƙarshe a tsane a busar a samu farin gari kamar garin rogo. Wannan garin shi ne PVC, kuma kashi 57 cikin 100 na nauyinsa kulor ne. Ka riƙe wannan adadin don duk halin tiyon daga nan yake fitowa.

Wani Bajamushe mai suna Bauman ya ci karo da garin tun 1872 amma ba a san me za a yi da shi ba saboda taurinsa, sai a 1926 wani Ba'amurke Waldo Semon ya gano yadda ake zuba masa mai ya yi laushi, tiyon farko kuma a Jamus aka fara shimfiɗa su a shekarun 1930. Yau duniya na yin wajen tan miliyan 40 a shekara, shi ne na uku a cikin robobi. Kuma ba tiyo kaɗai ba, rigar wayar kuran da ke bangon ɗakinka shi ne, ledar da amarya ke shimfiɗawa a ƙasa, silin na roba, tamfol, takalmin damina, katin banki, jakar da ake ɗibar jini a asibiti, tiyon da ake zurawa a foraj, duk gari ɗaya ne, bambancin abin da aka cuɗa a ciki ne. Mai laushi an sa masa mai, mai tauri ba a sa ba.

To yanzu kasuwa. In ka shiga shagon kayan pampo a Dole ko a Zango kar ka ce a ba ni tiyo kawai, ka fara sanin aikin da zai yi. Akwai na magudana, wato ruwan wanka da na masai, jikinsa siriri ne saboda ruwa gangarawa kawai yake yi a ciki, akwai kuma na matsi wanda ruwan pampo ko na shato, wato tankin sama, ke turawa. Na matsi za ka ga an buga rubutu a jikinsa, faɗinsa da milimita kamar 25, 32, 40, 50, 63, sannan PN 6 ko PN 10 ko PN 16. Wannan PN ɗin yawan bar ne da zai iya ɗauka, bar ɗaya kuma daidai yake da nauyin ruwan da ke tsaye mita 10 a sama. Sandar da ba rubutu a jikinta ko kaɗan ni ba na ɗaukarta ko da rabin kuɗi ne. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayi na magudana saboda araha ya ɗaura wa motopompa a garka, kamar yadda na tarar a wani lambu wajen Mirriya, ko wata bai yi ba ya tsage a tsaye daga wannan baki zuwa wancan.

Ga wani abu da masu shago ba sa faɗa. Wannan lambar ta PN an auna ta ne da ruwa mai sanyin digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa kanta tana wuce 40. In zafin ruwan ya kai 45, ƙarfin tiyon ba ya kai kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta, a 60 an wuce iyakarsa, wajen 80 kuma laushi yake fara yi kamar tuwon da bai kwana ba. Don haka ni a garin nan duk inda wani zai sa PN 6 ina sa PN 10, kuma ruwan zafi sam ba na bi da shi ta ciki, wannan aikin na CPVC ne wanda aka ƙara wa kulor yana jure har wajen 90, ko kuma koren nan PPR da ake haɗawa da injin zafi. Kuma don Allah kar wanda ya sa PVC a injin iska na masu faci ko masu fenti, in ya fashe da iska ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake kamar kwalba.

Ka duba bakin sandar, kaurin ya zama ɗaya zagaye, ba gefe ɗaya kauri gefe ɗaya kamar takarda ba. Ka kankara da farce, in yana fitar da fari kamar alli to an cika masa garin farar ƙasa don a rage kuɗi, irin wannan da ya faɗi yake karyewa. Wanda ya daɗe a rana a ƙofar shago launinsa ya koɗe ya lanƙwashe kamar baka, bar musu kayansu. In na ruwan sha ne ka nemi wanda aka rubuta na ruwan sha ne, saboda akwai masu sa dalma a cikin haɗin don ya jure zafin inji, Turai sun daina tun 2015 amma ba ko'ina aka daina ba.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto mai ƙananan haƙora, magagari, samfefa mai laushi, tsumma mai tsabta wanda ba mai a jikinsa, fensir, burushi, ruwan goge tiyo da ake ce wa dekapan, sai kol. Shi kol ɗin nan mutane ba su fahimce shi ba, suna ɗauka danƙo ne da ke maƙale abu biyu, alhali narkar da fatar tiyon yake yi, ta waje da ta ciki su narke su cakuɗe, in ya bushe sun zama jiki ɗaya. Shi ya sa yake ci a kan PVC kaɗai, in ka shafa shi a baƙin tiyon nan na nadi ko a koren PPR ɓarnar kuɗi ka yi, ba zai taɓa kamawa ba. Kafin ka biya ka buɗe gwangwanin ka ɗaga burushi, in yana zuba kamar zuma mai kyau ne, in ya yi kauri yana gutsurewa kamar kamu to ya mutu, kuma kar ka ce za ka tsinka shi da esans, ba ya dawowa.

Ka yanke tiyon a miƙe, ba a karkace ba, in ba ka yarda da idonka ba ka naɗa takarda zagaye ka bi bakinta da fensir. Ka kankare gashin da zarto ya bari ciki da waje, sannan ka ɗauki magagari ka ɗan fiƙe bakin ta waje zagaye, kaɗan dai, ba kamar fensir ba. Yara da yawa suna tsallake wannan kuma shi ne rabin aikin, domin baki mai kaifi in ya shiga kud (mahaɗin kwana) ko manshon (mahaɗin da ke haɗa tiyo biyu a miƙe) kwashe kol ɗin yake yi gaba ɗaya ya tura shi ciki, wurin haɗin ya zauna a bushe. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, in ya ga ban fiƙe ba ba ya magana, miƙo min magagarin kawai yake yi ya tsaya yana kallona har in gama.

Sai ka gwada a bushe ba kol, ka auna zurfin bakin kud ɗin ka sa alama a jikin tiyon inda ya kamata ya tsaya, in te ne (mahaɗi mai baki uku) ko kud ka ja layi a kan duka biyun don ka san inda zai fuskanta, saboda bayan kol ba gyara. Tiyo mai kyau a bushe yana shiga ya fara tauri kafin ya kai ƙarshe, in ya faɗa ciki yana kaɗawa to ba nasa ba ne, kol ba ya cike rami. Ka goge duka biyun da dekapan, in babu ka ɗan bi da samfefa har ƙyallin ya tafi ka share ƙurar. Lokacin hunturu da ƙura ke sauka kamar gari sai ka goge ka haɗa nan take. Kuma ya bushe ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata haɗi.

Yanzu sauri. Ka shafa kol siriri a cikin kud ɗin, ka shafa mai ɗan kauri a jikin tiyon har alamar, ko'ina ya samu, ka tura lokaci ɗaya da ƙarfi har alamar ta ɓace, layinka ya hau kan layi, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 domin yana son turo kansa waje. Za ka ga zoben kol ya fito zagaye, wannan alamar ya samu ko'ina, ka share shi da tsumma kar ya zauna yana cin jikin tiyon. In ka cika kol a ciki kuma taruwa yake yi ya rage hanyar ruwa, a ƙaramin tiyo na 20 ko 25 har toshewa yake yi. A wuri mai sanyi mutum yana da wajen minti 4 tsakanin shafawa da haɗawa, amma a zafin 40 minti ɗaya ne kacal, don haka a bazara ni da sassafe nake haɗi ko bayan la'asar, in dole ne da rana in sa yaro ya riƙe min tabarma ta yi inuwa, tiyon da ya sha rana kuma in bar shi ya huce tukuna. In tiyon babba ne mutum biyu ake so, ɗaya na shafa ciki ɗaya na shafa waje. Minti 5 na farko kar a motsa shi, sannan a ba shi awa 24 kafin a sake masa ruwa mai ƙarfi. Na san wannan ita ce mai wuya a garin da ba ka san ranar da ruwa zai dawo ba, amma gara ka rufe ban, wato makullin ruwan layin, ka sayi na ƴan garuwa kwana ɗaya.

Kol ɗin nan yana kamawa da wuta kamar esans kuma warinsa yana juya kai, kar ka yi aiki da shi a rufaffen makewayi ko cikin rami mai zurfi ba iska, kar a sha taba kusa, in ka gama ka rufe gwangwanin gam ka ajiye a inuwa.

Inda roba za ta haɗu da ƙarfe, kamar wajen robine ko kwantar mai auna ruwa, a nan baki mai zare da ake murɗawa ake amfani da shi da tefulon, wato siririyar farar ledar da ake naɗa wa zaren. Ka naɗa ta bin hanyar da zaren ke ɗaurewa, ka ɗaure da hannu sannan ka ƙara zagaye ɗaya ko biyu da kile, ya isa. In da hali robar ta zama namiji ta shiga cikin macen ƙarfe, domin namijin ƙarfe in aka matsa shi cikin macen roba tsaga ta yake yi, wani lokaci ba ranar ba, sai bayan wata biyu ka ga bango ya jiƙe.

Batun binnewa, ƙasarmu tsakuwa ce da dutse, a Birni wani wurin ko taki biyu ba ka tonawa sai ka ji diga ta yi ƙara. Kar ka kwantar da tiyo a kan dutse tsirara, ka zuba yashi mai laushi kamar santimita 10 a ƙasa, ka kwantar, ka rufe da wani yashin kafin ka mayar da ƙasar ramin, zurfin ya kai santimita 60, inda mota ko amalanke ke bi kuma ya fi haka, ka zura shi cikin wani babban tiyo. Kar ka ja shi ya miƙe kamar tsirkiya, ka bar shi ya ɗan yi tafiyar maciji a ramin, saboda yana miƙewa da zafi yana ƙanƙancewa da sanyi, sanda mai mita 6 tsakanin tsakar rana da sanyin asuba tana iya motsa fiye da santimita ɗaya, in layin dogo ne ka lissafa da kanka. Ka bar wuraren haɗi a buɗe sai ka saki ruwa ka zagaya ka shafa kowanne da busasshen hannu. Wanda ya rage a fili kamar mai hawa shato ka shafe shi da farin fenti na ruwa ko ka naɗe shi, rana tana cin fatarsa a hankali har ya koma mai karyewa.

Akwai kuma matsalar da tamu ce ta masu ruwan da ke zuwa yana ɗaukewa. In pampo ya kwana biyu ba ruwa iska ce ke cika layin, ranar da ruwa ya dawo yana turo iskar nan da ƙarfi, shi ne kake jin robine na tari yana tofi, kuma wannan bugun shi ke neman haɗin da ya fi rauni. Ka riƙa buɗe ban a hankali kana rufewa a hankali, ka bar robine ɗaya na can ƙarshe a ɗan buɗe iskar ta samu hanyar fita.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta kai ni gidan hajiya. Saboda kulor ɗin da ke jikinsa PVC ba ya son ci da wuta, in ka janye shi daga harshen wuta yakan mutu da kansa, shi ya sa ake yi wa wayar kuran riga da shi. Amma in aka tilasta masa ya ƙone kulor ɗin fita yake yi a matsayin iskar asid mai yanka maƙogwaro da ido, tare da wata guba mai suna dayoksin wadda ke zama a toka da ƙasa ta shiga jikin dabba da mutum ta daɗe ba ta fita ba. Wurin da ka gasa ya yi ruwan ƙasa ko baƙi, robar wurin ta riga ta lalace ko da ka ga ta yi siffar da kake so, manshon da kud kuwa don wannan aikin aka yi su. Na taɓa tsayawa a bayan wani kango na ga yara uku sun tara tsofaffin wayoyi sun cinna musu wuta don su fitar da jan ƙarfe su kai wa masu awo, harshen wutar kore-kore, ƙaramin cikinsu yana tari hawaye na zuba yana juya wayar da kara. Na ce ƙanena kawo, na nuna masa yadda ake tsaga rigar da wuƙa a zare, jan ƙarfen ma ya fi fita da kyau. Haka masu hura gawayin shayi da guntun tiyo ko tsohon takalmin roba, da masu ƙona shara a ƙofar gida, don Allah a daina. In kana son gane shi ka duba alamar kusurwa uku da lamba 3 a ciki, ko ka jefa guntun a ruwa, PVC nutsewa yake yi don ya fi ruwa nauyi, robar bido da ta siyo kuwa tasowa suke. Guntayen da suka rage min ni tara su nake a buhu, masu tsawo suna zama hannun riga inda tiyo zai ratsa bango.

A gidan hajiya abin da na yi shi ne na rufe ban na waje, na faɗaɗa ramin don tiyon ya samu wurin ɗagawa, na yanke wurin da ya ƙone har na wuce shi da taki ɗaya kowane gefe domin zafin yana lalata fiye da inda ido ke gani. Ruwan da ya rage a ciki ya ƙi daina ɗiga, sai na ɗaga bakin na tsane shi da tsumma har ya bushe, na fiƙe, na goge, na sa sabon guntu na 25 PN 10 da manshon biyu. Na zuba yashi a ƙasa na bar haɗin a buɗe na ce mata hajiya kar kowa ya taɓa ban ɗin nan sai gobe war haka, ta ce to ɗana, ta aika jikanta ya kira mai garuwa. Washegari na koma na buɗe a hankali, na tsuguna na shafa manshon ɗin biyu da bayan hannu, a bushe suke, sannan na mayar da ƙasa.